Balan-balan ɗin tsayar da jini da muka ƙera: zai samu takardar mallakar ƙirƙira alhali an riga mu?

"Assalamu alaikum, Barista. Ni ungozoma ce a wani asibitin gwamnati a masarautar Yauri, shekarata 14 ina karɓar haihuwa. Idan jini ya ɓalle wa mace bayan haihuwa kuma allurai suka kasa tsayar da shi, an koya mana mu ɗaura kwaroron roba a bakin robar fitsari da zare, mu sa a mahaifa mu cika shi da ruwa. Ni da mai gyaran na'urorin asibitinmu mun yi wa wannan dabara gyara uku: ɗan zoben roba mai maƙalewa a madadin zaren, tiyo mai haske mai layuka da ke nuna ƙarfin matsin ruwan, da bawul mai sakin ruwa idan matsin ya yi yawa. A jikin 'yar tsanar koyarwa kawai muka gwada. Wani likita ya ce kada mu wahalar da kanmu, Turawa sun daɗe da yin irinsa. Wani kuma ya ce a Abuja ba a hana kowa takarda. Na nuna shi a wani taron bita a Birnin Kebbi, na kuma tura bidiyonsa a zauren WhatsApp na ungozomomi. Shin za mu iya samun takardar mallakar ƙirƙira?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa hannunku albarka. Idan na fahimce ki da kyau, abu biyu kike son sani: ko na'urori masu kumbura da aka ƙera tun kafin a haife mu sun toshe wa taku hanya, da kuma ko takardar da za a ba ku a Abuja za ta tsinana muku wani abu ranar da wani ya kwaikwayi abinku. Likitocin nan biyu kowannensu ya faɗi gaskiya, sai dai kowa rabinta ya riƙe. Hakika an daɗe ana hura balan-balan a jikin ɗan Adam domin magani, kuma hakika ofishin rajista na Abuja ba ya tsananta bincike. Amma tsufan balan-balan bai hana a mallaki sabon gyaran da aka yi masa ba, sauƙin samun takarda kuma bai sa ta zama mai ƙarfi ba. Zan bi ki da maganar yadda nake bin wanda ya zauna gabana a ofis da samfurinsa a cikin leda.

Abin da dokar ƙasa ta shimfiɗa

Dokar da ke kula da wannan fanni a Najeriya ita ce dokar mallakar ƙirƙira da zane ta 1970, kuma har yau da ita ake aiki. Sashe na 1 ya gindaya sharuɗɗa uku: abin ya zama sabo, ya zama ya fito daga hazaƙar ƙirƙira, sannan ya zama ana iya ƙera shi ko amfani da shi a masana'anta. Na ukun ba zai ba ku wahala ba, domin zobe da tiyo da bawul abubuwa ne da kowace masana'antar roba za ta iya fitarwa dubbai. Wannan sashen ya kuma ce gyaran da aka yi wa ƙirƙirar da ke da takarda shi ma yana iya samun tasa takardar, muddin ya cika sharuɗɗan nan uku da kansa. Ta wannan ƙofar kuke neman shiga.

Kalmar "sabo" ita ce ke ruɗar mutane. Dokar ba ta damu da cewa ba a taɓa ganin abin a Yauri ko a faɗin Najeriya ba. Ma'auninta shi ne duk abin da aka taɓa bayyana wa jama'a a ko'ina a duniya, a kowane zamani, a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani da shi, kafin ranar da kuka shigar da takardarku. Ko da a tsohuwar mujallar likitocin Jamus ne da ƙura ta rufe, ko a kundin digirin wani ɗalibi a Indiya da mutum uku suka karanta, an ƙidaya shi, kuma rashin saninku da shi ba hujja ba ne.

To me ya sa likita na biyu ya ce ba a hana kowa? Saboda sashe na 4 ya taƙaita aikin magatakardan rajista, wanda ofishinsa ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, ga duba cikar takardu: an cike fom, an haɗa bayani da zane da da'awa (wato abin da mutum ya ce nasa ne), an biya kuɗi, kuma ƙirƙira ɗaya ake nema. Ba a ɗora masa binciken ko abin sabo ne ba. Dokar ta faɗa ƙarara cewa ana ba da takardar ne a kan kasadar mai ita, ba tare da lamunin ingancinta ba. Na kan kwatanta ta da takardar cinikin gona da aka rubuta a zaure, shaidu suka sa hannu, amma babu wanda ya je fadama ya taka iyaka. Tana nan lafiya a akwati har ranar da maƙwabci ya fito da tasa wadda ta girme ta. Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin wannan shari'a, kuma tana iya soke takardar idan aka nuna mata abin bai cika sharuɗɗan sashe na 1 ba. Idan ta tsira, shekara 20 take yi daga ranar shigarwa, ana biya mata kuɗi kowace shekara.

Waɗanda suka riga ku

Ya kamata ki san dangin da na'urarku ta fito daga cikinsu, domin da su za a auna ta. Madaurin awon jini da kike hurawa a damtsen mai ciki kullum, likitan Italiya Riva-Rocci ne ya fito da shi a 1896. Robar fitsarin da kuke ɗaura kwaroron a kanta ita kanta na'ura ce mai kumbura, tun da ɗan balan-balan ɗin bakinta ne ke riƙe ta a mafitsara. Sunan likitan Amurka Frederic Foley take ɗauke da shi, amma takardar mallakarta ta fita ne a 1936 da sunan Paul Raiche na kamfanin roba na Davol. Foley ya yi jayayya, aka kai ruwa rana, daga ƙarshe takardar ta tsaya a hannun Raiche. Suna ya bi mutum ɗaya, haƙƙi ya bi wani. A dokarmu ma, sashe na 2 ya ba da haƙƙin ga wanda ya riga shigar da takarda, sai fa idan an tabbatar ya ɗauko ainihin abin ne daga aikin wani ba da yardarsa ba.

A 1950 likitoci Sengstaken da Blakemore suka bayyana bututu mai balan-balan da ke danne jijiyoyin da suka fashe a hanyar abinci, kuma daga baya likitocin mata suka riƙa aron wannan bututun suna sa shi a mahaifa. Sai labarin da na fi son ba masu ƙirƙira, na Thomas Fogarty. Tun yana ɗalibin likitanci a Amurka ya yanke yatsan safar hannu ta roba, ya ɗaura shi a bakin siririn bututu da irin ƙullin da masu kamun kifi ke yi wa ƙugiya, abin da mutumin Yauri ba ya buƙatar a yi masa bayani. Ana zura bututun a jijiya ya wuce gudan jini, a hura balan-balan ɗin a bayansa, a jawo shi ya fito da gudan. Ya samu takardarsa a 1969, alhali balan-balan a bakin bututu ya haura shekara 30 a asibitoci. Abin da ya raba su shi ne na Foley riƙewa yake yi, na Fogarty kuwa sharewa, kuma gininsa ya dace da wannan aikin. A 1977 a birnin Zurich Andreas Grüntzig ya buɗe toshewar jijiyar zuciya da wani balan-balan daban, wanda idan ya kai girman da aka yanka masa sai ya tsaya ya yi tauri, ba ya ci gaba da kumbura kamar robar yara. Kin ga ke nan balan-balan ɗaya ya haifi ƙirƙire-ƙirƙire masu zaman kansu, kowanne saboda ya warware wata matsala ta hanyar da ba ta kasance a fili ba.

Mafi kusa da ku su ne na mahaifa. Balan-balan ɗin Bakri, wanda aka wallafa bayaninsa a 2001, na silikon ne, yana ɗaukar ruwa har mililita 500, kuma yana da hanyar da jini ke fita domin a ga ko ya tsaya. Dabarar kwaroron roba da aka koya muku kuwa, Farfesa Sayeba Akhter ta Bangaladash ce ta shahara da ita, kuma rahoton da ita da abokan aikinta suka wallafa a 2003 ya sa ta zama ilimin kowa. Akwai kuma Ellavi, da kamfanin Sinapi na Afirka ta Kudu ke ƙerawa, wanda ake rataye jakar ruwansa a sama a bar hanyar a buɗe, tsayin jakar ya zama shi ne ma'aunin matsi, idan mahaifa ta fara tsukewa sai ta tura ruwan ya koma jaka. Ki riƙe wannan na ƙarshe a ranki, za mu komo kansa.

A nan akwai bambancin da yawancin mutane ke cakuɗawa. Takardun Raiche da Fogarty sun daɗe da cika shekarunsu, takardar Amurka kuma ba ta da iko a Najeriya ko da ranta, don haka ba su hana ku ƙerawa ko sayarwa. Amma ba su mutu ba wajen hana ku mallaka, domin abin da suka bayyana ya shiga ilimin jama'a har abada. Hakazalika, samun taku takardar ba izini ba ne na ƙerawa idan akwai wata takarda mai rai a Najeriya da ta mamaye wani sashe na na'urarku.

Mu auna gyaranku uku

Abin da kotu ke dubawa a takarda shi ne da'awa, wato jimlolin ƙarshe masu lamba da ke shata iyakar abin da mutum ya ce nasa ne. Idan kuka rubuta cewa kun mallaki "balan-balan da ake cikawa da ruwa a mahaifa domin tsayar da jini", rahoton 2003 shi kaɗai ya isa ya rushe ta. Gwajin sabunta haka yake: a samo takarda ɗaya ko na'ura ɗaya da ta ƙunshi duk abin da da'awar ta lissafa. Idan kuka lissafa kwaroro da roba da zobe da tiyo da bawul a tare, mai yiwuwa ba za a samu takarda ɗaya da ta haɗa su duka ba, sai ku tsallake wannan shingen. Shinge na biyu ne ke kayar da mutane, domin a wurinsa an yarda a haɗa takardu biyu ko uku a yi tambaya: ƙwararren da ya san fannin, ya karanta duk abin da aka rubuta, amma ba shi da wata baiwar ƙirƙira, da zai haɗa waɗannan abubuwa da kansa idan aka ba shi matsalar? Kotun Ƙolin Amurka ta yi bayanin wannan a shari'ar KSR da Teleflex a 2007, wadda aka yi a kan totur ɗin mota da aka haɗa da na'urar lantarki mai gane motsi. Ta ce haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya, kowanne yana yin aikin da aka san shi da shi, sakamakon kuma ya zama wanda ake tsammani, galibi ba ƙirƙira ba ce. Hukuncin bai ɗaure kotunanmu ba, amma lauyan abokin hamayya da irin wannan tunanin zai zo.

Tiyo mai layuka, a ganina, shi ne mafi rauni. Auna matsi da tsayin ruwa a bututu mai haske tsohon ilimi ne a asibiti da wajensa, magina ma da tiyon ruwa suke daidaita lintel, kuma Ellavi ya riga ya ɗora tsarinsa a kan dangantakar tsayin ruwa da matsi a wannan aikin na mahaifa. Bawul ɗin ma ba ya nesa da haka. Bawul mai sakin matsi yana jikin jakar hura wa jariri iska da ke ɗakin haihuwarku, yana jikin tukunyar matsi ta girki, kuma duk injiniyan da aka ce masa ana tsoron balan-balan ya matse fiye da kima, bawul zai fara ambata. Zai iya tsira ne kawai idan gininsa na ciki ya bambanta, misali idan an yi shi yadda gudan jini ko iskar da ta maƙale ba za su toshe shi ba, ta hanyar da ba a rubuta ba.

Zoben, wanda na lura kin ambata shi a gurguje kamar ƙaramin abu, shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Ke kin fi ni sanin halin zaren nan. Idan aka ɗaure da sassauci, ruwa ya tsiyaye ko kwaroron ya zame a cikin mahaifa. Idan aka tamke, ya shaƙe hanyar ruwan ko ya yanka robar. Kuma ana yin ƙullin ne da safar hannu mai santsin jini, wani lokaci da fitilar waya a hannun mai taimako, mace na fita hayyacinta. Buƙatu biyu ne masu karo da juna, riƙo mai ƙarfi da matsi mai taushi, kuma a irin wannan wurin ne ƙirƙira ta gaskiya ke ɓuya. Za a ce muku maƙallin tiyo ba baƙo ba ne, kowane mai gyaran famfo yana da shi a aljihu. Amsarku ita ce ku nuna abin da ke cikin surar zobenku da maƙallin famfo ba shi da shi: faɗinsa, tudu ko kwarin da ke cikinsa, taushin robarsa, yadda yake kullewa a mataki ɗaya ba ya wucewa, da kuma cewa ba shi da kaifin da zai ji wa mahaifa. Idan akwai irin wannan, da'awarku ta farko a kansa za ta tsaya, tiyo da bawul su biyo baya a matsayin ƙari. Da'awa mai ƙunci ce, amma ƙaramar gona mai tabbatacciyar iyaka ta fi daji guda da kowa ke da hujja a kansa.

Hujjar da ke taimakawa a nan ita ce ta awo. Ku sami littafi mai ɗinki, ku gwada zare sau da yawa da zobe sau da yawa a kan 'yar tsanar, ku rubuta daƙiƙa nawa kowanne ya ɗauka, a mililita nawa ya fara yoyo, sau nawa ya zame, da kwanan wata da sa hannun ku biyu. Cewa an shafe fiye da shekara 20 ana ɗaurin zare ana kuka da shi ba tare da an sauya ba, shi ma hujja ce cewa mafitar ba a fili take ba, matuƙar bincike bai nuna wani ya riga ku ba. Ku kuma tsaya a kan na'urar, kada ku nemi mallakar hanyar yi wa mace magani, domin ƙasashe da yawa, har da na Turai, ba su ba da takarda a kan hanyar jinya ko tiyata.

Taron bita da bidiyon WhatsApp

Wannan ne ya fi damuna a wasiƙarki, fiye da Turawan da likita ya ambata. Dokarmu ba ta bambanta bayyanawar baƙo da ta mai ƙirƙira ba. Idan ke da bakinki kika bayyana wa jama'a abin kafin shigar da takarda, kin zama wadda ta riga kanki. Rangwamen da ke cikin dokar ɗaya ne: nunawa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi, cikin wata 6 kafin shigarwa. Taron bita na ungozomomi bai shiga wannan ba. Amurka tana ba mai ƙirƙira shekara 1 bayan ya bayyana abinsa, Najeriya ba ta yi haka ba.

Kada ki ɗauka ƙaramin taro ba ya lahani. A Ingila, a shari'ar 1985 ta kamfanin Windsurfing, takardar allon tuƙi mai filafilan iska ta faɗi, kuma cikin hujjojin da suka kayar da ita har da cewa wani yaro ɗan shekara 12, Peter Chilvers, ya haɗa irinsa ya yi wasa da shi a bakin ruwa a 1958 inda mutane ke gani. Alƙalanmu kan waiwayi hukunce-hukuncen Ingila a wannan fanni. Duk da haka ba a rufe ƙofa gaba ɗaya ba, domin tambayar ita ce me aka bayyana. Idan bidiyon ya nuna na'urar daga nesa tana aiki, tiyo da bawul sun fito fili, amma babu wanda zai iya ƙera zoben daga abin da ya gani, to surar cikin zoben tana iya zama ba ta fita ba. Idan kuwa kin cire zoben kin miƙa shi hannu zuwa hannu a taron, kina bayanin yadda aka sassaƙa shi, ba tare da an ɗauki alkawarin sirri ba, lamarin ya yi nauyi, kuma sai dai a nemi wani gyaran da kuka yi bayan taron. Goge bidiyon ba ya mayar da abin da ya fita, amma daga yau kada ki ƙara turawa, kuma duk maƙerin da za ku kai wa zoben ya sa hannu a takardar riƙe sirri tukuna.

Darasin da na koya da kuɗin wani

A farkon aikina wani matashi mai faci daga Gusau ya zo mini da katifar da ya haɗa wa mahaifinsa mai shanyewar ɓarin jiki. Ya jera robobin cikin tayar keke ya raba su gida biyu, yana hura rukuni ɗaya da famfon ƙafa ya sace ɗayan, bayan ɗan lokaci ya juya, domin kada wuri ɗaya na jikin tsohon ya daɗe a danne ya zama gyambo. Na danna katifar da tafin hannuna a ofis, ina jin warin sulushan, abin ya burge ni har na rubuta da'awa mai faɗi a kan katifa mai hura ɓangarori bi da bi, ban yi binciken kirki ba. Takarda ta fito, ya sa ta a firam. Da ya kai ta wani kamfani yana neman su saya, cikin mako guda lauyansu ya aiko da kwafin wata tsohuwar takardar Amurka mai zanen abin da muka ce namu ne. Kuɗin rajista da na mota sun tafi, kuma laifin nawa ne. Abin da ya rage masa shi ne 'yancin ƙerawa da sayarwa, tun da tsofaffin takardun sun mutu, wanda da ma yana da shi ba tare da ya biya ko kwabo ba. Tun daga ranar ba na rubuta da'awa sai na kwana biyu a kan bincike.

Binciken kuwa kyauta ne, da waya ma ana yinsa. Shafukan intanet na neman takardun mallaka, Google Patents da Espacenet da Patentscope, duk a buɗe suke. Takardun duniya suna da lambobin rabe-rabe: A61B 17/42 na kayan aikin haihuwa da cututtukan mata, A61M 25/10 na bututu masu balan-balan. Ku shiga waɗannan, ku fi mai da hankali ga zane, domin zane ba ya buƙatar tafinta. Ku duba mujallun likitoci da kayan da ƙungiyoyin agaji ke rabawa a shirye cikin fakiti, tun da su ma ana ƙidaya su. Ku sani kuma yawancin ƙasashe ba su wallafa buƙata sai bayan wata 18 da shigarwa, don haka bincike mai tsabta ma yana da makahon wuri. Hukumar NOTAP da ke Abuja, wadda aka kafa a 1979, tana taimaka wa masu ƙirƙira 'yan ƙasa wajen bincike da shigar da takarda, kuma ya dace ku tuntuɓe ta kafin ku biya lauya irina.

Na wane ne, kuma har ina ya kai

Kafin ku sa suna a fom, ku duba sashe na 2 da kyau. Abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a cikin aikinsa na mai aikin ne, wato a nan gwamnatin da ta ɗauke ku, ko da yake dokar ta ba ma'aikaci haƙƙin lada mai adalci idan ba a ɗauke shi domin ƙirƙira ba amma ya yi amfani da kayan aiki ko bayanan wurin aikinsa, ko kuma abin ya zama mai matuƙar muhimmanci. Idan a ɗakin gyaran asibiti kuka yi zoben da kayan asibiti, ku nemi matsayar hukumar a rubuce tun abin bai zama kuɗi ba. Tsakaninki da mai gyaran ma a rubuta wa ya kawo me da yadda za a raba, a gaban shaidu. Na ga zumuncin shekara da shekaru ya watse a kan abin da takarda mai shafi ɗaya za ta kare.

Takardar Abuja a kan iyaka take tsayawa. Wanda ya ƙera zobenku a Gaya ko Malanbil, da an tsallaka daga Kamba, bai taka dokarku ba sai ya shigo da shi Najeriya. Nijar da Binin suna cikin OAPI, ƙungiyar rajistar mallakar ƙirƙira mai hedikwata a Yawunde, inda buƙata ɗaya ke rufe ƙasashe 17, Najeriya kuwa ba ta ciki. Yarjejeniyar Paris kan kare haƙƙin ƙirƙira tsakanin ƙasashe ta ba ku wata 12 daga ranar shigarwa a Abuja ku kai buƙatar wata ƙasa da wannan kwanan watan, tsarin PCT na shigar da buƙata ɗaya ta ƙasa da ƙasa, wanda Najeriya ta shiga a 2005, kuma yana kai wa'adin zuwa wata 30, tare da rahoton bincike na gaske daga ƙwararrun masu duba. Kuɗinsa da dala ne, kuma ba zan ba ku shawarar ku sayar da shanu a kansa ba sai in akwai masana'antar da ta nuna za ta ƙera.

Ni lauya ne, Malama, kuma ban riƙe zoben a hannuna ba, don haka abin da na faɗa a kansa hasashe ne daga bayaninki, hukunci sai an ga zane an jera shi da na magabata. Takardar mallaka kuma ba shaidar aminci ba ce. Sa na'urar a jikin mace sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da kulawar likitocin mata, sayar da ita kuma sai da rajistar NAFDAC, wadda za ta tambayi irin robar da yadda ake kashe ƙwayoyin cuta a jikinta. Kuma ko da ana kiran waɗannan na'urori masu hurawa, na mahaifa da ruwa ake cika shi, saboda haɗarin iska ta shiga jijiya, don haka a bayanin takardarku ma kalmar ruwa za a rubuta.

Idan kina son mu ci gaba, ki rubuta ranar taron bitar da ranar da kika tura bidiyon, ki ajiye kwafinsa yadda yake ba tare da yanka ba, ki tuno ko zoben ya bar hannunki a taron. Sannan mai gyaran ya raba zobe ɗaya gida biyu da reza, ya zana cikinsa da awo a milimita. Da waɗannan a gabana zan iya gaya miki ko akwai abin da ya rage da za a kai Abuja.